Ƙafar Aɗu

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, Amani ya iso gonar Mutari tun lokaci bai yi ba, kuma babu garke a bayansa.

Ba haka aka saba ba. Tun zamanin iyaye, in aka gama girbi a Garin Aduwa, can gabas da Urafane, Buzayen gidan su Amani kan gangaro daga arewa su sauka a gonar gidan su Mutari. Dabbobi su ci kara su bar taki, mai gona ya kawo damman gero, a yi ta shan shayi ƙarƙashin gawo har sanyi ya wuce. Uban Amani ya yi haka da uban Mutari, su ma suka tashi suka tarar. Bana kuwa ba kara, ba gero, ba dabbobin. Raƙumi ɗaya ya rage, duk haƙarƙari, ɗauke da tabarmin bukka da tukwane, matar Amani da ƴaƴansa suna biye da shi a ƙasa.

Duk da haka suka zauna ƙarƙashin gawon. Amani ya hura garwashi, ya kwance ɗan ƙullin shayin da ya rage masa. Suka sha na farko mai ɗaci, suka sha na biyu, suka sha na uku, don Amani bai taɓa tashi daga gonar nan bai cika ukun ba.

"Kudu za mu," in ji shi. "An ce iyaka a rufe take, soji ko'ina. Ta daji za mu bi. Amma akwai amanar da zan bar maka."

"In raƙumin nan ne, tahi da abinka," in ji Mutari. "Mu ma ƴaƴan anza na daji muke jiƙawa mu ci, balle mai dogon wuya."

Amani ya yi dariya a bayan rawani. Ya sa hannu cikin riga ya fito da ɗan kwikwiyo, launin rairayi, siriri, ƙafafu zara-zara kamar an aro masa su wurin barewa.

"Sunansa Aɗu. Iska ke nan da bakinmu. Uwarsa ta mutu a hanya, shi kaɗai ya rage cikin irin karnukan babana. Ka san su."

Mutari ya san su. Tun yana yaro yake ganinsu suna kama zomo kafin ya kai rami, suna korar dila daga awaki. Da idonsa ya ga kakar wannan kwikwiyon ta cim ma barewa a fili.

"Ba zai jure tafiyar ba. Riƙe mani shi. In Allah ya maido ni, da shi zan sake farawa. Mai ƴan awaki da kare mai gudu bai rasa komai ba."

Sannan ya ciro takobinsa daga kafaɗa, da kube da maratayi, ya shimfiɗa kusa da kwikwiyon.

"Wannan nasa ne. In wani abu ya same shi, kai Tasawa ka saida. Kada ka tsaya tunani."

"Kai, rufa mani asiri! Wa ya taɓa saida takobi don kare?"

"Buzu," in ji Amani, ya miƙe.

Saudatu, matar Mutari, ta dubi abin da ya shigo da shi ta riƙe haɓa.

"Malam, mutane na rage baki a gidajensu, kai ka ƙaro mana mai jela?"

"Amana ce."

"To, Allah ya ba amana abin da za ta ci."

Ita ce kuma ta fara ajiye masa ruwan wankin ƙwarya in an dama kunun jar dawar taimako, tana zaginsa tana tura masa kaskon da ƙafa. Takobin, Mutari ya naɗe shi cikin buhu ya soke a rufin ɗaki.

Ba hatsi a rumbu, sai Mutari ya koma kan amalankensa da jakinsa. Rijiyoyin gari duk sun ƙafe, sai ta siminti da ke fadama, inda hukuma ta ce a yi noman rani. Can yake cika tano, wato gangar ruwa, ya kai wa masu lambu da masu gida, a ba shi abin da ya samu. Yana da wata sana'a kuma da aka san shi da ita tun kafin fari: ɗauri da ƙirgi. Yakan jiƙa busasshiyar fatar sa ta yi laushi, ya tsaga ta siri-siri, ya naɗe ƙotar gatari da ta tsage ko hannun amalanke da ya karye. In rana ta buga ya bushe, sai ya tsuke, ya kama itacen kamar tare aka halicce su. Mutane kan ce itace ya ruɓe ɗaurin Mutari na nan. Yana jin daɗin maganar, ko da bai nuna. Bana kuwa ƙirgi ba ya da wuya. Ko'ina ka bi a daji, mushen saniya ne kwance.

Aɗu ya ɗauki amalanken uwa. In yana tafe, yana gefen taya. In ya tsaya, ya shige ƙarƙashi ya kwanta a inuwa. Mutari ya saba, kafin ya hau sai ya duƙa ya leƙa ya ce, "Fito, ɗan Buzu."

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, a bakin rijiya. Layi ya yi tsawo, wani ya shige gabansa, suka yi musayar baƙar magana har aka shiga tsakani. Ya cika tano ransa a ɓace, ya haye, ya zuba wa jaki sanda. Bai duƙa ba. Ya ji taya ta hau wani abu ta sauka, ya ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Kukan ya biyo baya.

Ƙafar gaba ce ta dama, ƙasa da gwiwa. Tana lilo.

Ya naɗe shi cikin tsohon zane ya nufi gidan Mati maɗori, wanda duk yankin ke kai wa karaya. Ya tarar da tsohon zaune a ƙofar gida yana tufkar igiya.

"Baba, karaya na kawo."

"Subhanallahi. Ɗan wa?"

Mutari ya buɗe zanen. Mati ya janye ƙafafunsa.

"Mutari, hankalinka ɗaya kuwa?"

"Amana ce, Baba. Ta Amani."

"Ko ta wa ce. Hannun ga gado ne. Na ɗora mutum, na ɗora doki, na ɗora akuya. In na taɓa wanga yau, gobe wace mace za ta miƙo mani hannun ɗanta?"

"Ba wanda zai ji."

"A garin nan? Kafin ka kai gida labarin ya riga ka, har ya sha ruwa." Tsohon ya dubi kwikwiyon ta gefen ido, ya sassauta. "Je ka yi mashi yadda ake wa akuya. Ka ja ƙashin ya daidaita, ka jera kara, ka naɗe. Kuma ɗori ba a buɗe shi kafin lokacinsa, ko mai shi na birgima. Kuka bai hana ƙashi kamawa."

A gida Mutari ya gwada jan ƙafar. Ƙashin na motsi ƙarƙashin fata wuri fiye da ɗaya, ba kamar na akuya da ya taɓa gani ba. Ya saki. Saudatu na tsaye da muciya a hannu.

"Akwai likitan dabbobi a Tasawa," ta ce.

"Da mi zan biya shi?"

Ta ɗaga ido ta dubi rufin ɗaki.

Motar kasuwa ba ta ɗaukar kare cikin mutane, don haka da amalanke ya tafi, takobin a ƙarƙashin buhunan wofi, Aɗu a kai. Ya kwana a hanya. Kafin ya shiga Tasawa ya fara ganin bukkokin tsumma da leda a bayan gari, mutanen arewa ne da dabbobinsu suka ƙare, zaune suna jiran ranar da soji za su raba hatsi. Ya duba ko zai ga fuskar da ya sani. Bai gani ba.

A shingen jandarma aka tsai da shi.

"Kartidante."

Mutari ya miƙa katin shaidarsa. Jandarman ya duba, ya leƙa amalanken.

"Shi wannan fasinjan fa, ina tashi?"

"Majinyaci ne, ranka ya daɗe. Likita za mu."

Jandarman ya kira abokinsa. "Zo ka ga ikon Allah! Mutane na faɗuwa da yunwa, ga mai kai kare lopital." Suka yi dariya, aka ɗaga masa sanda. Dariyar ta bi shi har cikin gari.

Likitan saurayi ne, Ayuba, zaune ƙarƙashin bedi, wato dogon yaro, a farfajiyar da babu ko tunkiya. Da ya ga abin da ke cikin zanen sai ya miƙe da sauri.

"Tun kaka ba a kawo mani dabbar da ake so ta warke ba," ya ce. "Sai dai a kira ni in duba mushe. Kawo shi nan."

Ya ɗora shi kan tebur, ya shafa ƙafar a hankali da yatsu biyu, yana yi wa kwikwiyon magana ƙasa-ƙasa.

"Wannan ba ta kara da tsumma ba ce. Ƙashin ya rabu wuri biyu. Aiki za a yi: a sa shi barci, a buɗe, a jera, a sa ƙarfe, a rufe. Na koya, zan iya. Amma kayan ba ni da su, sai an sayo daga Maraɗi."

Ya faɗi kuɗin. Mutari ya ji kamar an ce masa ya sayi doki.

"Likita, a rage."

"Ni ba ni karɓar ko dala. Kayan ne, ba ni na yanka masu kuɗi ba."

"In an yi, zai yi gudu?"

"In Allah ya so, kai kanka sai ka manta wace ƙafar ce. Yaro ne, ƙashinsa na neman kamawa. Amma kada ka daɗe."

Mutari ya bar kwikwiyon wurinsa, ya ɗauki buhun ya nufi kasuwa.

A gefen da ake sai da raƙuma a da, yanzu kayan Buzaye ne shimfiɗe a ƙasa. Sirdin raƙumi, butocin shayi, jakunkunan fata, awarwaron mata, takubba jere kamar itacen wuta. Masu su na zaune nesa kaɗan, fuska a rufe, suna kallon wani wuri daban in an taya. Wani dillali mai tumbi ya karɓi takobin Amani, ya zare, ya juya shi a rana, ya bi tambarin da ke kusa da marikin da babban yatsa. Fuskarsa ta sake. Ya taya. Abin da ya taya ya isa aikin, har da saura.

"To? Albarka ko in ƙirga?"

Mutari ya buɗe baki. Sai ya hango kansa yana shiga Garin Aduwa ba takobi. Kowa ya san an bar masa shi. Kowa ya san rumbunsa fanko ne. Zai ce ya sai da shi don ya ɗora ƙafar kare, wa zai yarda? A bakin masallaci za a ce yunwa ta sa ya cinye kayan amana, ya laƙa wa kare. Wanda ya yarda kuma ya fi muni, zai ce ga wanda ya samu kuɗin buhunan hatsi a shekara irin wannan, maƙwabtansa na binne yara, ya kai wa kare. Ya kuma hango ranar da Amani zai dawo, shi Mutari ya fito da kare a hannu ɗaya, takobi a ɗaya, ya ce ga kayanka, ba abin da ya taɓa su. Wannan hoton ya fi kowanne daɗi, shi ya fi daɗewa a idonsa.

"Na fasa."

"Ƙari kake so? Faɗi, kada ka ɓata mani rana."

"Ba nawa ba ne."

"To na wa? Sato shi ka yi?"

Saura kaɗan ya ce na kare ne. Ya ji yadda maganar za ta fito, ya haɗiye ta. Ya karɓi takobin ya mayar cikin buhu.

Ga likita kuwa, cewa ya yi zai je ya haɗo kuɗin ya dawo. Ayuba ya dube shi, ya dubi buhun, ya ba shi ƴan ƙwayoyin rage zafi a takarda, ya miƙa masa kwikwiyon.

A gida ya zaro kara daga darni, ya fere, ya ja ƙafar iya yadda zuciyarsa ta iya jurewa, ya jera, ya naɗe da tsumma. Kafin la'asar Aɗu ya ciccije tsumman, karare sun zube. Ya sake ɗaurewa da igiyar kaba. Ya cinye ta ita ma. Ya sa tsohon zanen Saudatu, ya ƙulle ta baya inda baki bai kai ba. Ya kai.

Da safe Mutari ya tsaya yana kallon ƙafar na lilo kamar ranar farko. Idonsa ya faɗa kan kwatarniyar da ya jiƙa ƙirgi don hannun amalanken wani. Ya tsamo, ya ji shi a hannu, laushi kamar tsumma.

"Malam, mi za ka yi?" in ji Saudatu.

"Abin da haƙori bai yankawa."

"Wannan ba ƙotar gatari ba ce fa."

"Shi ya sa zan sa tsumma ƙarƙashi. Ke kin fi ni sanin ƙirgi?"

Ta koma bakin murhu. Ya tsaga siririn zare, ya jera karare, ya naɗe daga gwiwa zuwa dagi, layi kan layi, kai da kai, ba inda ya hau wani. Bai ja da ƙarfi ba, ya san ƙafa ce. Ya zura ɗan yatsa ƙarƙashi ya ji da sarari. Aikin ya yi kyau, shi kansa ya gani. Shekara da shekaru yana wannan aiki, kuma abin da yake alfahari da shi, wato yadda ƙirgi ke tsukewa in ya bushe, shi ne bai zo masa a rai ba a safiyar nan. Tunaninsa duk yana kan haƙoran Aɗu.

Ya kwantar da shi a gindin darni ya tafi rijiya. Rana ta zagayo ta sami wurin.

Da ya dawo, kwikwiyon na kuka, wani siririn kuka da ba ya yankewa, yana cizon ɗaurin haƙoransa na zamewa.

"Tun azahar yake yi," in ji Saudatu. "Ko za ka duba?"

"Baba Mati ya ce ba a buɗe ɗori. Ƙashin ne ke kamawa."

Ya narka masa ƙwayar likita a ruwa. Washegari kukan na nan. Saudatu ta sake magana, ya daka mata tsawa, abin da bai saba ba. Sannan kukan ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Aɗu ya daina cizon ƙafar, ya daina ma kallonta. Mutari ya ce, "Kin gani?" Har ya je ya gaya wa Mati cewa ɗorin ya kama, tsohon ya ce madalla.

Saudatu ce ta lura da ƙudaje. Ta kira shi daga ƙofar gida, ta nuna masa da baki. Ya durƙusa. Warin ya riga hannunsa isa. Dagin da ya leƙo ƙasan ɗaurin ya kumbura ya yi baƙi, sanyi ƙalau. Ya nemi inda ya zura yatsa ranar nan, ko tsinke ba ya shiga. Ya ɗauko wuƙa. Ƙirgin ya bushe ya zama ƙarfe, wuƙar na zamewa, sai da ya wasa ta ya sake. Ɗaurin Mutari ne, bai saki ba sai da aka yanka shi zare-zare.

A wannan karon bai tsaya shawara da kowa ba. Ya zaro buhun daga rufin ɗaki, ya ɗaura jaki. Duk hanyar yana dukan dabbar da ba ta yi masa komai ba. A shinge jandarman ya gane shi ya fara, "A'a, mai majinyaci," sai ya ga fuskarsa ya ɗaga sandar kawai.

Ya ajiye buhun a teburin Ayuba kusa da kwikwiyon.

"Likita, ga takobi. Yanzu zan kai kasuwa. A aika Maraɗi."

Ayuba ya buɗe zanen. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki guntun ƙirgin da ya manne a gashin ƙafar, ya juya shi, ya ajiye.

"Mai da takobinka," ya ce. "Ba sauran abin da za a sayo. Yanke ƙafa ba shi da tsada."

Yana da ragowar allurar barci. A nan ƙarƙashin bedin ya yi aikin, Mutari na riƙe da kan, yana kallon bango. Abin da likitan ya karɓa bai kai kuɗin kaza ba.

Aɗu bai mutu ba. Saudatu ta yi jinyarsa, ba zagi yanzu. Ya koyi tsayuwa, ya koyi tafiya yana dogara kafaɗa, ya girma ya yi tsawo, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, duk siffar kakarsa. In ya ga zomo yakan zabura, taku kaɗan na farko kamar kibiya, sai gaban ya nutse ya kifa da haɓa cikin rairayi. Ya tashi ya tsaya yana kallon inda zomon ya bi. Ya daina kwanciya ƙarƙashin amalanke. Mutari kuwa bai daina duƙawa ya leƙa ba.

Damina ta zo da ruwa. Gero ya yi, wake ya yi. Da aka gama girbi Mutari ya hana kowa shiga gonarsa da dabba, ya bar karan a tsaye. Takobin yakan sauko da shi ya shafa masa mai ya mayar.

Wata safiya aka ce masa akwai hayaƙi ƙarƙashin gawo.

Ya tarar da Amani zaune yana hura garwashi. Ya rame, rawanin ya koɗe. Ba raƙumi. Iyalinsa na can gefen gona da ƴan awaki uku da ya saya da kuɗin gadin da ya yi a kudu. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, hannu na shafar hannu, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka gode wa Allah da ruwan bana. Amani ya ɗora buta. Sannan ya sa yatsu a baki ta ƙarƙashin rawani ya yi fito, irin wanda ubansa ke yi.

Daga bakin gari Aɗu ya taho. Mutari bai zaci zai tuna ba. Ya taho a guje cikin karare, kunnuwa a kwance, har Amani ya fara miƙewa idonsa na haske. A kunya ta ƙarshe gaban ya nutse. Ya kifa, ya mirgina, ya tashi, ya ƙaraso yana tsalle ɗaiɗai.

Amani ya koma ya zauna. Karen ya tura kai cikin rigarsa yana rawar jiki. Ya shafa wuyan, ya shafa ƙirjin, hannunsa ya gangara ya sami dungun, ya tsaya a nan. Butar na tafasa ba wanda ya kula.

"Amalanke ne," in ji Mutari. "Nawa."

Amani ya gyaɗa kai. "Ƙaddara."

Mutari ya kwance buhun da ya zo da shi, ya fito da takobin, ya miƙa da hannu biyu. Kuben na sheƙi.

"Ga shi. Ko tsatsa bai yi ba. An taya, na hana."

Amani ya karɓa, ya zare rabi, ya mayar.

"An taya?"

"A Tasawa."

"Mi ya kai ka Tasawa da shi?"

"Likita ya ce a yi aiki. A sa ƙarfe."

"Da an yi, da ya yi gudu?"

"Haka ya ce."

"Abin da aka taya, ya isa?"

Mutari ya dubi garwashin. Ba wanda ya san amsar sai shi da wani dillali da ba zai sake gani ba.

"Ya isa. Har da saura."

Amani ya ajiye takobin a gefe, ya sauke butar, ya zuba daga sama ya mayar, ya zuba ya mayar har kumfa ta tashi. Ya miƙa wa Mutari na farko. Suka sha. Ya ƙara ruwa da sukari, ya tambayi Saudatu, ya tambayi ko Mati na da rai. Suka sha na biyu. Sannan ya buɗe butar ya juye ganyen a ƙasa, ya tura rairayi kan garwashin da ƙafa.

"Na uku fa?" in ji Mutari.

"Rana na yi. Akwai wani mai gona wajen Mayahi da ya ce in sauka gunsa."

"Ga kara nan. Ban bar ko akuyar liman ta shiga ba."

"Na gani. Awaki uku ba su cinye shi. Ba wa mai garke."

Ya ɗaure kayan shayin, ya miƙe. Ya ɗauki takobin ya rataye a reshen gawon. Aɗu ya riga ya tsaya a gefensa, yana kallon fuskarsa, yana jiran a ce a tafi.

"Riƙe shi," in ji Amani. "Zai biyo ni, kuma ba zai kai ba."

"Amani, takobinka."

"Nasa ne. Tun farko na gaya maka."

Akwai igiyar ƙirgi a ɗamarar Mutari, wadda yake ɗaure jaki da ita. Hannunsa ya je kanta ya dawo. Ya durƙusa ya rungumi karen a ƙirjinsa, a nan tsakiyar gona, masu ɗaukar damma a gonar maƙwabta suna kallo. Aɗu ya yi ta fizga, yana kuka, yana lasar masa wuya da haɓa, dungun na bugun cikinsa. Bai saki ba. Amani ya kora awakinsa ya bi ta yamma, iyalinsa a baya, har karare suka rufe su.

Can Saudatu ta iso da ƙwaryar fura a ka, ta sabon gero, wadda ta dama wa baƙo. Ta dubi tokar da aka rufe, ta dubi abin da ke lilo a reshe, ta dubi mijinta a ƙasa da kare a hannu.

"Ina yake?"

"Ya tahi."

Ta sauke ƙwaryar a gindin gawo, ta rufe ta da faifai, ta zauna nesa kaɗan.